Bakwai Muka Je Damagaram

Bakwai na ɗauko daga Damargu,
a bayan motar wake muka kwana,
kowa jika uku, ni na sai da akuya.
Da hantsi muka shiga fage,
kafin azahar shida sun sha ƙasa.

Wani mai babbar riga da takarda a hannu
ya ce, yaran ƙauye ba su da himma.
Na yi shiru, don bakina da ƙura,
amma ga amsarka, Alhaji, in kana ji.

Ka ga Mato, wanda aka kayar da fari?
Rijiyarmu gaba talatin ce,
tun yana shekara tara yake jan guga.
Taɓa damtsensa ka ji, kamar icen gawo.
Ƙarfi kam akwai.
Sai dai tun da aka yaye shi
abokin karonsa ɗaya ne, Kiyari, ɗan baffansa.
Ya san tarin Kiyari, ya san inda yake jin cakulkuli,
ya san ƙafar da yake fara jefawa.
Wuƙa biyu in sun daɗe suna wasa juna
kaifinsu ɗaya, dakushewarsu ɗaya.

Naku fa? Kowace Lahadi sabon jiki,
yau dogo, gobe gajere mai wuyan bijimi,
jibi bahago.
Akwai mai usur da agogo a tsaye,
yashi an tankaɗe shi kamar garin tuwo,
in an tashi ga ƙwai, ga madara.
Mu fagenmu bayan masussuka ne,
ƙarangiya ce alƙalinmu,
kuma sai kaka ta yi kyau ake kiɗa.
Bara ba ta yi ba.
Makaɗinmu, Barmo, ya rasu shekara huɗu ke nan,
gangarsa na rataye, ɓera ya ci fatar.

Kuma ka tambaye ni ina manyansu,
waɗanda ya kamata ƙanana su kalla su kwaikwaya.
Tsahiru na Jado yana haƙar zinariya.
Gonda na Sabha, ana cewa gadi yake.
Ɗan Jimma na tura baro a Kano.
Duk wanda gashin baki ya fara tsiro masa
mota ce ke kayar da shi, ba mutum ba.
Ni kaɗai na rage, da gwiwa mai ƙara,
ina nuna taɗiya da baki
don jiki ya daina yarda.

Na bakwai ɗin, Nomau, shi ya tsaya.
Ya kayar da biyu, ya yi canjaras da na uku.
Ban gama murna ba sai ga mai koyarwar birni
ya dafa ni, ya ce, Baba, yaron nan na wa ne?
Akwai ɗaki, akwai lakwal, akwai abinci.
Na dubi ƙafafun Nomau, duk faso.
Na ba shi lambar uban.
To me zan ce? In hana shi ƙwai?
Baɗi in mun dawo, in Allah ya kai mu,
da shi za a kayar mana da sauran,
mai takarda ya sake rubuta cewa ba mu da himma.

A hanyar gida mota ta mutu a Bakin Birji.
Direba na ƙarƙashi yana zagin ƙarfe,
ni na kishingiɗa kan buhu, ban son magana.
Can na ji ana nishi a gefen kwalta.
Mato ne, ya kama Kiyari a hasken fitilar waya,
yana cewa, a'a, ba haka ya yi mini ba,
ta hagu ya shigo, ya sunkuya,
sake, sake mu gani.