Ƙiftawa Goma

Babana Ozbolt ba ya sallama.
In ya kira ni daga kwarin Bohinj
yakan faɗi abin da ke bakinsa,
zuma ta yi, ko gwiwa ta ƙi,
sai ɗif. Ina tsakiyar "to Baba"
wayar ta riga ta yi sanyi a kunnena.

Haka ya riƙa yi wa 'yar kwamfutar.
Ba ta fi tafin hannu ba, allo ɗaya tsirara.
Na kafa ta a bangon rumfar zuma
tana auna nauyin amya goma sha huɗu,
tana rubutawa a kati mai girman farce:
yau ta shida ta ƙara kilo guda,
jiya ta tara ta rame.
Shi kuwa da faɗuwar rana, don tsimin lantarki,
sai ya fizge filogi kamar mai cire ƙaya.

Sau ɗari ta haƙura.
Ranar da ta kasa, alƙalaminta na tsakiyar layi.
Katin ya rikice.
Bazara guda ta tafi: furen lipa, ruwan Yuni,
makon da sarauniyar amya ta uku ta yi ƙaura da jama'arta,
duk sun koma tarkacen lambobi.
Ya ce, "Kayan zamani."
Na haɗiye amsata.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Ljubljana
da jan maɓalli a aljihun kwat,
na tsohon rediyon Mama, da wuƙa na ciro shi.
Allon na da haƙora arba'in, sahu biyu.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
don kuskuren haƙori ɗaya hayaƙi ne.
Waya ɗaya ga haƙorin da ke sauraro,
ɗaya ga ƙasa.
Dalma ta narke, ta yi ƙyalli, ta daskare,
ƙaurinta ya gauraya da ƙamshin kaki.
Wani ƙudan zuma ya sauka a wuyan hannuna,
ya duba aikin, bai ce komai ba.

Sai layi shida na umarni, ma'anarsu:
in an taɓa ki, kada ki firgita.
Ƙarasa kalmar da kike kai,
rufe littafi, kau da tawada,
ki ce wa kati sai da safe,
sannan ki kwanta.
In an sake taɓa ki, ki tashi.

Na ce, "Danna."
Yatsansa, wanda harbi ya daina kumbura shi
tun kafin a haife ni,
ya taɓa maɓallin kamar mai jin nauyi.
Ɗaya hannun ya nufi filogi, don sabo.
Na riƙe shi. "Jira. Dubi koriyar fitilar."
Ta ƙifta. Ta ƙifta.
Ya ƙirga a ƙasan gemu har goma.
Sai shiru, irin na ɗakin da aka share kafin a rufe.
Ya ce, "Duk wannan jiran don 'yar wannan aba?"
Na ce, "Daƙiƙa bakwai ne fa."
Ya ce, "A shekaruna, bakwai ma kuɗi ne."

Sanyi ya shigo. Dusar ƙanƙara ta danne rufin rumfa,
ƙudan sun dunƙule suna cin abin da suka tara.
Lambobi na raguwa a hankali a katin,
ba ko ɗaya da ya ɓata.

Daren jiya ya kira.
Amya ta shida lafiya, maƙwabci Metod ya karye a ƙafa,
itacen murhu ya yi tsada.
Ya kai aya. Na san abin da ke biye,
na fara janye wayar daga kunne.
Amma layin bai mutu ba.
Ina jin numfashinsa, da agogon kicin,
da wani abu kamar ƙirga a ƙasan gemu.
"Zarja," ya ce, "kin gama?"
Na ce na gama.
Ya ce, "To."
Ya ƙara jira kaɗan.