A Hannun Mersi

Mu a Damagaram, tara cinta ake yi
kamar tuwo.
Ran Laraba aka ci Nomau a bakin Kasuwar Dole:
jakinsa ya tsaya inda ba a tsayawa.
Jika tara, in ji takarda.
Amalanke da jarkoki goma sha biyu
suka kwana a komsariya.

Da la'asar na kai wa tsoho Kyari labari.
Shekara talatin yana tafinta a kotu,
yanzu sai tabarau mai ƙafa ɗaya
da ƙamus da ya sayo a Kano, gara ta ci bangonsa.
Ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa,
ya ce, “Ga wata tsohuwa, Ingilishi sun daina fita da ita:
amasmanti.
Tara ce, amma marar farashi.
Ɓare ta ka ga ƙwayar.
Mersi ce a ciki,
wannan dai da kake ce wa mai shago in ya ba ka canji.

“Faransawa suka haye ruwa da ita, da takobi.
A lokacin ma'anarta jinƙai.
Ka yi laifi, sai a rubuta: wane yana hannun mersi,
abin da mai iko ya ga dama.”

Na ce, ashe jinƙan kura ga ɗan akuya.

Ya ce, “Dakata, akwai saura.
Daga baya maƙwabta ake rantsarwa su yanke kuɗin,
waɗanda suka san kaji nawa ke gidanka.
Kuma aka sa sharaɗi:
a bar wa ɗan kasuwa hajarsa,
a bar wa manomi abin nomansa.
A ci, kada a cinye.”

Ya rufe littafin. Kiran magariba ya bi ta kan duwatsun Birni.
Famfon layinmu kwana shida kenan bai ce uffan ba,
tulunan Hajiya Gaji sun bushe har suna amsa kuwwa.

Da safe muka tara.
Mai nama jika biyu, Gaji ɗaya da rabi,
Kyari ya kwance bakin hularsa,
ni na cika.
Babu wanda aka rantsar.

Nomau ya ƙirga wa ɗan sanda a kan teburi,
takarda bayan takarda, duk sun sha gumi.
Aka buga hatimi, aka miƙo masa rasit.
Ya karɓa da hannu biyu,
ya ɗan rusuna,
ya ce, “Mersi.”

A waje jakin na cin kwali.