Madubin da Ya Kwana Uku

Ƙarfe ɗaya saura, Samaru ta yi tsit,
sai fankar na'ura da kwaɗin Kubanni.
Ni kaɗai a ɗakin kwamfuta,
ina tambayar madubinmu na manhajoji:
yaushe rabonka da tushe?

Ya kunna min koren fitila, wai lafiya lau.
Ban yarda ba.
Ganye ma kore ne ranar da aka sare reshe.

Na buɗe fihirisar can ƙetaren teku:
ƙunshi dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da huɗu.
Na ƙirga namu,
kamar mai awo a kasuwar Sabon Gari
da ya lura gindin mudun a lotse yake.
Bakwai babu.

Bakwai kacal, in ji malalaci.
Amma ɗaya a ciki faci ne
na wata kafa da ɓarayi suka gano tun Litinin.

Sai na tuna daren Talata.
Tsawa ta faɗi wajen Kufena, wuta ta ɗauke,
janareta ya yi tari uku kafin ya tashi.
Janyo kaya ya tsaya a tsakiya,
ya bar ɗan fayil na kulle a bakin ƙofa,
irin kwalin da tela kan rataya, "Ina zuwa,"
alhali ya wuce Kaduna biki.
Kullum dare aikin kan zo, ya ga kwali, ya koma.
Bai faɗa wa kowa ba.

Baba Dogara mai gadi ya leƙo da tocila.
"Kai Barau, madubin da kake kwana dominsa, yana ina?"
Na nuna masa baƙin akwati cikin keji.
Ya duba, ya duba.
"Wannan ai ba ya nuna fuska."
Na ce yana nunawa, Baba,
ta shekaranjiya yake nunawa, ita ce matsalar.

Ƙarfe takwas Malama Lantana za ta shigo
da ɗalibai arba'in daga Kongo,
kowa ya miƙa hannu ya ɗebo daga nan
ba tare da ya tambayi kwanan wata ba.
Wa ke tambayar rijiyar gida shekarun ruwanta?

Na goge kullen. Layuka suka fara gudu.
Shayina ya huce, kan sa ya yi yana.
Na gwada hatimi da hatimi,
harafi sittin da huɗu, ido na ƙaiƙayi,
na can da na nan, har suka zama tagwaye.

An kira assalatu ta wajen Hayin Dogo.
Na rubuta a littafi: daidai, huɗu da minti hamsin.
Na ɗauki makullin babur.
Kafin in kashe allo na sake leƙa tushe,
don hali.

Sun saki sabo guda ɗaya.