Haruffa Tara a Kan Tabarma

Direban Tanut ya ba ni aiki tun Litinin:
DAMAGARAM, da kwano, a goshin motarsa.
Na yanke su tara, na ci kaifinsu da magagari,
na jera su bisa tabarma a ƙofar shagona na Zango,
na tafi la'asar.

Na dawo na tarar Tsahara ta dagula su.
'Yar ƙanwata ce, shekara takwas,
allon lakwal a hammata, yatsu duk alli.
Na ɗaga murya, ta ɗaga yatsa:
"Kawu, dakata. Akwai madara a sunan garinmu."

Na duba. Ga ta kuwa, haruffa shida a jere,
ragowar ukun can gefe sun ce gam.
Shekara ashirin ina fenta sunan nan
a allunan shaguna da bayan tankokin ruwa,
ban taɓa sanin ana tatsarsa ba.

Sai na tsuguna.
Na ja G, na ja R, garma ta fito,
abin da ya saura ya zama dama.
Ta kwance garmar ta ƙulla ragama,
na narka ragamar na zuba darma.
Ta tono gara, na ce ita ta cinye mini azara.
Ta tono gada, ba rafi, ba daji.
Har amma tana ciki,
kamar kowane ciniki a garin nan.

Ɗan Tanin mai shayi ya leƙo bisa butarsa:
"To ku matse Zinder mu gani."
Wannan busasshe ne kamar duwatsun Birni.
Da ƙyar ya ba mu rine,
sannan ya ba mu dire,
wanda ya dace da gari mai tasha.

Kwano ya ƙare mana, muka koma alli.
Ta rubuta gari, ta juya shi ya zama riga,
tela Illiyasu ya ce in dai riga ce to ba ragi,
bai san shi ma ya shiga wasan ba.
Muka yi dariya har mai gyaɗa ta tsaya kallo.

Ta rubuta kasuwa, don Dole na bayanmu tana watsewa.
Ta sami kusa. Ta sami wasa. Ta sami sauka.
Ta yi tsalle: "Kawu, ga ka a ciki!"
Na ce dama can nake yini.

Sai ta yi shiru.
Ta sa tafi ta rufe rabin kalmar,
abin da ya leƙo ta gefen hannunta uwa ce.

Ta rubuta damuwa, ta rufe. Uwa.
Ta rubuta rayuwa, ta rufe. Uwa.
Ta rubuta mantuwa, allin ya karye,
ta ɗauki guntun.
Na san wadda za ta biyo baya,
na nemi abin yi da hannuwana, ban samu ba.

Damina biyu ke nan da muka kai Gwamma makwancinta.
Yarinyar ba ta taɓa tambayata komai ba.

Ta rubuta mutuwa a hankali, harafi harafi,
ta lashi babban yatsa,
ta goge ukun farko.
"Ashe a nan ma tana nan."

Ɗan Tanin ya juya baya yana fifita gawayi
da ya riga ya kama.

Direban ya iso da oda, yana sauri.
Na tattara madara da garma da amma,
na mayar da su sunan gari,
ƙusa biyu kowane harafi.
Ya biya, ya tada ƙura.

Ita kuwa ta kama hanyar gida,
allon a tafukanta biyu kamar kwanon miya,
ta nisanta shi da hijabinta
kada ya shafe.