Baƙo Ɗaya, Ɗaki Na Sha Huɗu

Rifkatu ta miƙo mini makulli da 'yar takarda,
lambobi takwas da jan biro.
"Na'ura ɗaya, Baba. Dokar manaja ce.
Ta biyu sai da ƙarin kuɗi."
Na ce to.
Ban faɗa mata abin da ke cikin jakata ba.

Bene na biyu. Taga na kallon Tashar Dukku,
inda ɗan kamasho ke kiran saura mutum ɗaya,
tun la'asar saura mutum ɗaya,
har aka kira magariba bai samu ba.

Na zazzage kaya kan gado:
wayar aiki,
kwamfutar ofis mai nishin jakin da ya sha kaya,
da ɗan akwatin da Nafi'u ya cusa mini a aljihu,
bai kai sabulun wanka ba,
da 'yan ƙahoni biyu irin na fara.
"Rauta ce, Abba. Soka ta a bango kawai.
Ita za ta yi sallama da otal, ta ba da lambar,
sauran su shige ta bayanta."

Na soka.
Ja. Ja. Ja.
Kore.

Otal ya ƙirga baƙo ɗaya,
kamar wanda aka gayyata walima shi kaɗai
ya ɓoye 'yan gidansu cikin babbar riga.
Ni fa, da aka turo Gombe binciken lissafin wasu,
ni da gobe zan tsare akawu da ido
in ce ina rasit ɗin buhu arba'in,
ga ni ina shigar da jama'a da tikiti guda.
Na yi dariya. Ɗakin bai taya ni ba.

Abin da yaron bai gaya mini ba,
ya raɗa wa akwatin sunan na gida.
Na duba allo, ga shi a rubuce:
Tsakar Gidan Uwani.

Akwai waya ta uku a ƙasan jaka,
naɗe cikin ɗankwali,
gilashinta da tsaga tun ranar da ta faɗi bakin murhu.
Tun Sha'aban ban kunna ta ba.
A Azare ba na iyawa, yara na kallo.

Na danna.
Ba ta tambaye ni lamba ba.
Ba ta tambayi wane gari ne wannan ba,
ko katifar wa, ko me ya sa labulen ke warin taba.
Ta ga sunan, ta shige kai tsaye
kamar mai dawowa daga maƙwabta,
ko takalmi ba ta tsaya gyarawa ba.

Sai ga su suna zubowa.
Matan adashi da lissafin wata biyar.
Wata 'yar ajinsu daga Jos tana cigiyar shiru.
Tela Gambo: "Hajiya, ɗinkinki ya daɗe da kammala,
na sa bakin zare kamar yadda kika ce."

Aka ɗauke wuta.
Koren ya mutu, fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Na zauna da haske ɗaya a tafin hannu
har janareta ya yi tari a bayan kicin,
akwatin ya sake yin sallama,
wayar ta sake komawa gida.
Sau huɗu a daren nan.
Sau huɗu ba ta ɓata hanya ba.

Da safe na ajiye makulli, na ɗora kuɗi a kai.
"Na mene ne, Baba?"
Na ce na sauran na'urorin.
Ta duba allonta, ta sake dubawa.
"Mutum ɗaya na gani."

Na ce haka ne, 'yata,
haka kowa ke gani.
Karɓi dai.
Ki rubuta mini rasit.