Shekarar da Aka Gano Mu

A Kozhikode, bayan rumfar kakata Kunhipathu,
inda masoro ke shan rana a kan tabarmar ganyen kwakwa,
na zauna da littafin tarihi a cinya
ina haddar jarrabawar Litinin.

"A shekara kaza aka gano hanyar Indiya."
Na maimaita sau uku da ƙarfi don ya zauna.
Kaka ta tsayar da faifanta,
ta ce, "Ɓata hanyar ta yi?
Wa ya yar da ita?"

Na ce haka aka rubuta, Kaka.
Jirage ne suka taso daga Turai,
suka zagayo ƙafar Afirka, suka same mu.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Suka same mu muna me?
Kasuwa ta ci, ta cika, ta batse.
Balaraben Yaman ya riga ya auri 'yar unguwa,
mutumin Gujarat na ciniki da yatsu a ƙarƙashin mayafi,
tangaran ɗin Sin ya fashe a ɗakunanmu
har an sake sayen wani.
Iskar damina ta san aikinta,
ta kai jirgi, ta komo da shi,
ba ta taɓa tambayar kowa taswira ba.
Wanda ya iso biki da la'asar
ba shi ya ɗaura auren ba."

A bangon ajinmu akwai taswira.
Turai na sama, ta hakimce kamar mai kujerar gaba,
mu kuwa muna reto a ƙasa kamar hantsar saniya.
Wata rana malaminmu Raghavan ya juya ta,
ƙafa sama, kai ƙasa.
Muka yi tsit. Teku ta hau kanmu,
na ji jiri kamar ina cikin kwalekwale.
Kafin sufeto ya zo ya mayar da ita yadda take,
amma ƙusar ta riga ta yi sako-sako.

Da dare Kaka ta dafa kifi da madarar kwakwa,
barkono ya yi ja a cikin kasko.
Na ga damar ramuwa.
Na ce wannan barkonon da kike taƙama da shi,
jiragen nan ne suka kawo shi
daga wata ƙasa, ƙetaren wata teku.
Ta daɗe tana juya miya.
Can ta ce, "To, ɓarawo ya yar da hularsa a gona,
hular kuma ta yi mana daidai.
Amma wa ta fara shuka shi?
Wata tsohuwa ce irina, mai kaushin hannu.
Duba littafin naka, akwai sunanta?"

Na duba. Babu.

Bayan damina kawu Beerankutty ya dawo daga Hamburg
da agogo, da ciwon baya, da tsaraba:
'yar kwalba mai murfin zinariya,
rubutun baƙi a jikinta, baƙaƙen ƙwayoyi a ciki.
Kuɗinta ya fi abin da Kaka ke samu
daga asuba zuwa magariba.
Ta buɗe, ta shinshina, ta tauna guda.
"Ɗan gidan nan ne," in ji ta,
"ya je ya koyo yaren da zai yi mana tsada."
Ta ajiye kwalbar kusa da rediyo,
ba ta taɓa zuba ta a miya ba.

Ran Litinin tambayar ta fito, ta huɗu a shafi.
Na rubuta shekarar, na rubuta abin da ake so,
na ci makina biyu.
Malam Raghavan, da yake karɓar takardu,
ya kai tawa kusa da fuskarsa,
ƙamshin yatsuna ya kama ta,
ya yi atishawa sau biyu
har taswirar ta motsa a kan ƙusarta.