Akwatin Gilashi a Na'ibawa

A Na'ibawa, gidan man da ke bakin titi,
inda mukan cika tanki kafin mu kama hanyar Zariya,
sun kafa wani akwatin gilashi.
Ya fi ni tsayi.
Ba ya sallama, ba ya amsa ta.
Dare da rana yana gurnani ƙasa-ƙasa
kamar magen da ta samu cinya.

Ciki an jera su sahu-sahu:
lemon kwalba ja, lemon gwangwani shuɗi,
biskit mai hoton saniya,
cincin da ban san hannun da ya murza shi ba,
da baƙin ruwan nan mai korar barci
da yaran mota ke sha har hannunsu na rawa.

Shekara ashirin da uku ina kan sitiyari.
Na san kowane rami daga nan zuwa Kwanar Ɗangora,
amma ban san abin da ke yawo a jinina ba
sai ran da Sista Kubura, a Asibitin Murtala,
ta soki yatsana, ta dubi na'ura, ta dube ni,
ta ce, "Malam Tasi'u, kai da suga kun raba gari."
Na ce to.
A baki.

Yau da azahar rana ta ƙwalle,
kwalta na kama takalmi,
fasinja goma sha takwas na fifita da huluna da mayafai,
maƙogwarona kamar an zuba toka.
Na manna ido a gilashi
ina neman rubutun da aka ce a riƙa dubawa.
Ga shi can, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.
Gishiri nawa? Suga cokali nawa?
Yaushe aka yi shi, yaushe zai lalace?
Akwati bai ce uffan ba.
Farashi kawai ya haska mini.

Daidai nan Inna Tabawa ke zama a da.
Roba ɗaya zogale, ɗaya rama,
garin ƙuli-ƙuli a gwangwanin madara.
In ta ga idona ya kaɗa
sai ta ce, "Jiya ba ka runtsa ba, ba wani ya ja."
Ta taɓa hana ni alewar madara da kuɗina a hannu.
Ban ce tsaftarta ta kai ta asibiti ba:
ƙuda kan zo gaisuwa,
hayaƙin tirela kan sa albarka,
akwai ran da kwaɗonta ya tsayar da ni sau huɗu kafin Jaji.
Amma ta san sunana,
ta san sunan cutata.

Na sa kati. Na danna bakwai.
Ƙarfe ya juya, kwalba ta matso, ta leƙo,
raɓa na gangara a wuyanta.
Sai aka ɗauke wuta.

Ta tsaya a baki,
ba ta ciki, ba ta waje.
Na mari gilashi.
Wani dattijo mai furfura a haɓa ya harare ni daga ciki,
sai da na ɗan jima na gane shi.
Ɗanliti mai ba da mai ya ce, "Sai injiniya ya zo, ran Talata."
Yaron motata Sagiru ya riƙe ciki:
"Oga, 'yan wuta sun fi Sista iya magani."

Tsallaken titi, gindin turken fitila,
ƙarƙashin wata yagaggiyar lema,
ashe taku arba'in kawai aka kore ta.
"Ka gama gaisawa da kishin ruwanka?" in ji ta.
"Zogale. Barkono kaɗan, saboda kai ne."
Na ci a tsaye,
na kora da ruwan leda mai ɗumi.

Ko mun kai Kura, ko mun wuce,
na san wuta za ta dawo,
kwalbata ta faɗo wa wani a kyauta.
Allah ya sa jininsa ya fi nawa haƙuri.

Ni dai na kama hanya.
Ba zan ɓoye ba:
har Tashar Yari
ina jin sanyinta a tafin hannuna.